Tsintuwa da Cigiya

A shekarar 1975 wani ɗan kasuwa a ƙasar Japan, Ikujiro Tachibana, ya ɗauki nauyin wasu samari huɗu suka naɗi kiɗan jaz. Babu wanda ya ɗauki kiɗa sana'a a cikinsu. Jagoransu ma, Tohru Aizawa mai kaɗa piyano, karatun likita yake yi. Aka buga faifan 'yan ɗaruruwa, aka raɗa masa sunan attajirin, shi kuwa ya riƙa miƙa wa abokan hulɗarsa kamar yadda 'yan kasuwa ke miƙa wa juna katin suna da adireshi. Ba don kasuwa aka yi shi ba, bai kuma shiga kasuwar ba. Samarin suka kama gabansu, ba su ƙara yin faifai tare ba. Sai a 2018, bayan shekara 43, kamfanin BBE na Landan ya bi sawu, ya nemi izini, ya sake buga shi, duniya ta ji abin da yaran suka kaɗa.

Wannan ya taki sa'a. A bayansa akwai dubban fayafayai da aka buga sau ɗaya tak, tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1980, waɗanda har yau ba wanda ya waiwaye su. Ba su hau faifan CD ba, ba su shiga manhajojin sauraron kiɗa na waya ba. Abin da ya rage musu a duniya shi ne sautin da ke kwance cikin zanen baƙar roba, da 'yan kalmomin da aka buga a bayan bango. Kalmomin nan su ne suka dame ni, domin a kansu komai ya rataya.

Kiɗan da nake magana a kai iri biyu ne da suka tashi kusan rana ɗaya. A 1969 ƙungiyar King Crimson ta Ingila ta fitar da faifanta na farko, matasa suka ga ashe kiɗan rok zai iya fita daga ƙangin minti uku, ya yi doguwar tafiya mai hawa da gangara, ya ari salon kiɗan gargajiyar Turai, ya sauya ƙirgen bugu daga huɗu-huɗu zuwa bakwai ko goma sha ɗaya. Masu harkar suka riƙa ce masa prog. A watan Agustan wannan shekarar Miles Davis, mabushin ƙaho, ya tara makaɗa a New York da piyano mai lantarki da ganguna ninki biyu, suka naɗi abin da ya fito a 1970 da sunan Bitches Brew. Daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi a wannan zangon aka sami ƙungiyoyin Weather Report da Mahavishnu Orchestra da Return to Forever, aka sami auren jaz da rok da ake kira fusion. Babban faifai yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska, makaɗan nan kuma ba su ga laifin cinye fuska guda da kiɗa ɗaya ba.

Wutar ta kama ko'ina. Yara a Italiya da Jamus da Faransa da Poland da Ajantina da Japan suka sayi jita, suka shiga ɗaki suna gwaji dare da rana. Kamfanoni ba su san wanda zai yi kasuwa ba, sai suka riƙa ba kowa dama sau ɗaya. Wanda bai sayu ba, an sallame shi. Rediyo ba ya son kiɗan minti goma sha biyar. Rikicin man fetur na 1973 ya sa robar da ake yin faifai da ita ta yi tsada, tun da daga fetur ake samo ta, har wasu masana'antu suka koma narkar da kwantai suna buga sababbi da su. Kafin 1977 ta ƙare, kunnen matasa ya koma ga disko da kiɗan punk mai gajeren zango. Shi ya sa tarihin wannan fanni ya cika da ƙungiyoyi masu faifai ɗaya a wancan zamani: Cervello da Semiramis a 1973, Maxophone a 1975, duk a Italiya kaɗai.

Wani lokaci ma bangon ne ke kashe faifan. Ƙungiyar Museo Rosenbach ta fitar da Zarathustra a 1973, waƙoƙin sun jingina da littafin masanin falsafa Nietzsche, a cikin hotunan da aka harhaɗa a bango kuma har da kan Mussolini, jagoran 'yan fasist. A Italiyar wancan lokaci, inda siyasa ta raba kan matasa har da zubar jini, wannan ya isa. Aka yi musu kallon 'yan fasist, gidan rediyon gwamnati ya juya musu baya, ƙungiyar ta watse ba da daɗewa ba. An karanta suna da hoto, an yanke hukunci, ba a tsaya an saurara ba. Japanawa ne suka fara ceto irin waɗannan fayafayai na Italiya, lokacin da kamfanin King Records ya shiga sake buga su a Tokyo, aka wayi gari ana girmama Zarathustra a nesa fiye da yadda aka yi a gida.

To me ke hana sauran dawowa? Da farko akwai uwar tef, wato asalin zaren da aka naɗi kiɗan a kansa a situdiyo, wanda daga shi ake yanka faifai. Tef ba ya son wuta, ba ya son laima. A 1978 gobara ta cinye wani ɗakin ajiya a Long Branch da ke jihar New Jersey, ta tafi da dubban tef na kamfanin Atlantic, yawanci kiɗan da ba a taɓa fitarwa ba. Ranar 1 ga Yunin 2008 wata gobarar ta tashi a harabar kamfanin Universal a Los Angeles. Rahoton da mujallar New York Times ta buga a 2019 ya ce tef fiye da 100,000 ne suka ƙone, ko da yake kamfanin ya musanta girman asarar. Wanda wuta ta bari, iska na cin sa a hankali. Da yawa daga cikin tef ɗin da aka yi daga tsakiyar shekarun 1970, gam ɗin da ke riƙe da garin ƙarfen da ke jikinsu yana shan laima ya yi danƙo, in an ɗora a inji sai sautin ya saɓule ya maƙale a kan ƙarfe. Maganinsa shi ne a gasa tef ɗin cikin tanda a zafin digiri 50 da ɗoriya na tsawon sa'o'i, a yi maza a kwafe kafin ya koma gidan jiya. Wannan kuwa ga wanda aka san inda yake ke nan. Ƙaramin kamfanin da ya karye a 1976, wa ya san inda akwatunansa suka nufa?

Sai takarda. Kamfani ya saye kamfani, wani ya saye wanda ya saya, har haƙƙin mallakar faifan wasu yaran Turin ya faɗa hannun wani ƙaton kamfani da bai ma san yana da shi ba. Ba zai buga ba, don ribar ba ta kai kuɗin lauya ba. Ba zai bari wani ya buga cikin sauƙi ba, don nasa ne. A 2011 Tarayyar Turai ta tsawaita wa'adin mallakar sautin da aka naɗa daga shekara 50 zuwa 70, ƙofar ta ƙara shekara ashirin a kulle. Binciken da Tim Brooks ya yi wa Laburaren Majalisar Amurka a 2005 ya gano cewa a cikin muhimman fayafayan da aka naɗa tsakanin 1890 da 1964, kashi 14 cikin ɗari ne kawai masu haƙƙinsu suka sake fitarwa. Idan haka abin yake ga waɗanda aka yarda suna da muhimmanci, ina ga wanda aka buga guda 500 a wani ƙauyen Jamus?

Saboda haka masu nema suke tsugunawa gaban kwalaye. Duk wanda ya taɓa yi ya san warin: tsohuwar takarda da ta sha laima, da ƙura mai maƙalewa a yatsa. Kana turawa ɗaya bayan ɗaya da kan yatsu biyu, idonka na wuce fuskokin da ka sani, sai wani bango ya tsayar da kai. A jikinsa akwai farin zobe, shatar da faifan ya bari saboda daɗewa a matse. Ka juya bayansa. Sunaye biyar, kowanne da abin da ya kaɗa: wannan jita, wannan saksofon da sarewa, wannan ganguna. Sunan gari. Watan da aka naɗa. Godiya ga wani wanda ba a faɗi ko wane ne ba, sai sunansa na farko. Ka zaro faifan ka riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, kada yatsa ya taɓa zanen, ka karkata shi ga haske. Inda zanen ya yi duhu ya cushe, nan kiɗa ya yi ƙarfi. Inda ya yi sumul, nan aka sassauta. A filin santsi da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya akwai lamba da wanda ya yanka faifan ya karce da hannunsa, wani lokaci har da haruffan sunansa. Kafin allura ta sauka, ka riga ka karanta duk abin da duniya ta rubuta game da mutanen nan, kuma bai kai layi ashirin ba.

A wurin mawaƙin da ya shahara, suna ƙofa ce kawai. Bayanta akwai littattafai da hirarraki da hotuna. A nan sunan shi ne gidan gaba ɗaya. Idan mai buga bango ya yi kuskuren harafi, mutum ya ɓace. Idan aka manta da mai ganga, to hannun da kake ji yana ruwan bugu a minti na tara ba shi da mai shi har abada. Ga shi yawancin kiɗan jaz da rok ɗin nan babu waƙa a cikinsa, sautin kayan kiɗa ne zalla. Taken da aka sa wa kowane kiɗa, kalma biyu ko uku, shi kaɗai ne abin da makaɗan suka faɗa da baki. Mai sauraro yakan riƙe taken nan yana shiga cikin sautin da shi, yana neman inda suka haɗu. Wani lokaci su haɗu, wani lokaci sautin ya wuce taken ya bar shi a baya, a nan ne mutum ke gane cewa ma'ana tana iya rayuwa inda kalma ba ta kai ba.

Babu wanda ya gwada wannan kamar Christian Vander, makaɗin ganga ɗan Faransa da ya kafa ƙungiyar Magma a 1969. Ya ƙi yin waƙa da Faransanci, ya ƙi Ingilishi, ya ƙirƙiro harshe nasa, Kobaïan, wanda ba wata uwa da ta taɓa yi wa ɗanta magana da shi. Mawaƙansa na rera shi da murya mai nauyi, suna maimaitawa har sai jiki ya ɗauka. Mutane sun yi kuka a gaban waƙar da ba su san fassarar kalma ɗaya a cikinta ba. Daga inuwar Magma ƙananan ƙungiyoyi suka tsiro, su ne kuma suka fi shan ɓata. Eskaton ta fitar da 4 Visions a 1981 a kaset kawai, ya yi shekara goma sha huɗu kafin ya hau CD. Dün, daga birnin Nantes, ta yi faifai ɗaya mai suna Eros a 1981, ta yi shiru. Kamfanin Musea, wanda masoya wannan kiɗa suka kafa a Faransa a 1985, da irinsa Soleil Zeuhl, su suka riƙa bin irin waɗannan gida-gida.

A gabashin Turai kuwa kalma garkuwa ta zama. A Tarayyar Sobiyet kamfani ɗaya ne ke buga faifai, Melodiya, na gwamnati, hukuma kuma ba ta son a ce rok. Sai aka riƙa kiran ƙungiyoyin da sunan da ba ya tayar da hankali, wato rukunin murya da kayan kiɗa, a rubuta a bango cewa an sarrafa waƙoƙin gargajiya ne. Ƙarƙashin wannan lulluɓi ƙungiyar Gunesh ta birnin Ashgabat a Turkmenistan, da makaɗin gangarta Rishad Shafi, ta fitar da fayafayai a 1980 da 1984, inda karin waƙar Turkmen ya haɗu da ƙahoni da ganguna masu gudun da zai ba makaɗan New York mamaki. Wanda ya tsaya ga rubutun bango zai wuce. Wanda ya san zamanin da aka yi rubutun zai gane mutane ne ke magana a gaban mai gadi.

Akwai ma lokacin da jerin sunaye kawai ya zama taswira. A 1979 wasu samari uku a Landan, ciki har da Steven Stapleton, suka fitar da faifansu na farko da sunan Nurse With Wound, suka haɗa da jerin makaɗan da suka yi tasiri a kansu, suka ƙara wasu a shekarar da ta biyo, har sunayen suka kusa 300. Ba bayani, ba sunan ƙasa, ba shekara. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan mutane na bin jerin nan suna ɗaya bayan ɗaya, kuma fayafayai da yawa na Jamus da Faransa da Italiya albarkacinsa suka dawo. Ambato kawai suka yi, ambaton ya hana mantuwa rufe ƙofa.

Sai dai harkar tana da cutarta. Tun da aka kafa shafin Discogs a shekarar 2000, kowane faifai ya sami shafi, da adadin masu shi, da adadin masu nemansa, da farashin da aka saye shi na ƙarshe. Amfanin wannan ba ya misaltuwa, don ya tattara sunayen da ba su cikin kowane littafi. Amma ya sa bakin 'yan kasuwa ya rinjayi kunne. Ana cewa faifai ba ya samuwa, a ji kamar an ce yana da daɗi, alhali magana biyu ce daban. Wasu fayafayan sun nutse ne don ba su da abin faɗa, kwaikwayon ƙungiyar Genesis ko Weather Report ne da bai nuna ba. Ƙungiyar Dark ta garin Northampton ta buga faifanta na 1972 'yan gomomi kawai, yau kwafin asali na cin dubban fam, kuɗin da samarin da suka kaɗa shi ba su taɓa mafarkin gani ba, kuma ko sisi ba ya isa hannunsu idan ya sauya mai shi. Akwai masu saye su kulle a kabad, ba sa ɗora allura don kada daraja ta ragu, ba sa bari a kwafa don kada wani ya samu. Irin wannan mutum bai fito da faifan daga ɓata ba, wurin ɓatan ya sauya masa.

Mu a wurinmu, wanda ya tsinci abu a hanya bai zama mai shi ba. Tsintuwa tana tafe da cigiya. Shari'a ta ɗora wa mai tsintuwa ya kiyaye siffar abin, ya yi ta shela har shekara guda, ko mai shi zai bayyana. Ina ganin babu ma'aunin da ya fi wannan dacewa da mai farautar tsofaffin fayafayai. Robar ya biya kuɗinta, tasa ce. Kiɗan da ke ciki kuwa yana da masu shi, an rubuta sunayensu a baya, da yawansu suna raye, sun tsufa suna zaton abin da suka yi a ƙuruciya ya bi iska.

An ga abin da cigiya ke haifarwa. A Zambiya, shekarun 1970 sun ga ƙungiyoyin rok irin su WITCH da Amanaz da Ngozi Family. Farashin tagulla ya faɗi, tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, cutar ƙanjamau ta ɗauke makaɗa da yawa. Lokacin da kamfanin Now-Again na Amurka ya tashi sake buga kiɗan, sai da ya nemo waɗanda suka rage. Jagari Chanda, mawaƙin WITCH, yana haƙar duwatsu masu daraja don ciyar da iyali aka same shi. Ya koma kan dandamali, ya zaga ƙasashe, ƙungiyar ta fitar da sabon faifai a 2023. A Legas ma, inda ƙungiyoyin BLO da Ofege suka yi fayafayansu na farko a 1973, sai da kamfanin Soundway da marubuci Uchenna Ikonne suka bi mutane ɗaya-ɗaya kafin tarihin rok ɗin Nijeriya ya sami rubutuwa. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa da ogan mai lantarki a 1978, 'yan Nijar suka yi shekaru suna jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san sunan mai shi ba. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mutumin, ya same shi, aka buga faifan a 2013 da sunansa da izininsa.

Akwai masu gajerar hanya: su kwafe daga tsohon faifai, su buga sabo, su sayar, ba su tambayi kowa ba. Akwai kuma masu ɗorawa a YouTube kyauta, su ma ba da izini ba, ko da yake ta nan ne miliyoyin mutane suka san Scenery, faifan 1976 na Ryo Fukui, mai piyano ɗan Sapporo, wanda ya rasu a 2016. Ba na haɗa su a ma'auni ɗaya, don na farko ciniki yake da kayan wani, na biyu shela yake. Amma shelar ma sai ta cika: a rubuta sunayen duka, har da mai ganga, a faɗi gari da shekara, a bar hanyar da ɗa ko jika zai iya cewa wannan mahaifina ne. In mai haƙƙi ya bayyana, a saurare shi.

Lokaci kuwa ba ya jira. Wanda yake ɗan shekara 22 a 1973, yau ya haura 70. Roba za ta iya kai wa wani ƙarni idan ta sami inuwa, amma mutumin da zai gaya maka wanda ya busa sarewa a fuska ta biyu, da dalilin da ya sa aka sa wa kiɗan wannan take, da inda aka ajiye uwar tef, shekarunsa ƙidayayyu ne. Duk wanda irin wannan faifai ya faɗo hannunsa, ya saurare shi da kunnen gaskiya, in ya ji akwai rai a ciki, ya kwafi sunayen nan ya fara tambaya tun da sauran mai amsawa.